Ganyen da Ba a Lanƙwasawa

Winnipeg, Kanada, 9 ga Maris, 2014

Zuwa ga Malama Pyo Mal-sun,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, kuma har yanzu kina wannan adireshi na Yeosu. Ni lafiyata ƙalau, ban da murar da ƙanƙarar garin nan ke raba mana duk shekara.

Ba ki san ni ba. Sunana Nari, ni ce 'yar Pyo Deok-su, wanda in ban yi kuskure ba ɗan wan mahaifinki ne. Baba ya rasu a watan Oktoban da ya wuce, zuciya ce ta tsaya masa yana gyaran ƙofar gareji. Ki yi haƙuri na faɗa miki haka gatsau, ban san yadda ake faɗa a wajenku ba.

Da nake kwashe kayansa na tarar da gwangwanin biskit cike da wasiƙu goma sha ɗaya, duka da sunanki a baya, ba wadda aka buɗe. Ni ma ban buɗe ba, don ko na buɗe ba abin da zan tsinta. Baba bai taɓa yi mini Koriyanci ba. Kusa da gwangwanin kuma akwai wani tsohon kwali mai kan sarkin ƙasarku, cikinsa wani busasshen baƙin ganye gida biyu. Mijina Emmett ya ce shara ce, ni kuwa na kasa zubarwa.

Ɗan abin da na sani game da Koriya, a ƙasan allo na koye shi. Shekara shida ke nan ina kallon wasannin kwaikwayonku na talabijin da fassarar da masu sha'awa ke yi kyauta, har na shiga wata ƙungiya, Ƙungiyar Cokali. Mu goma sha huɗu ne, ba wanda ya taɓa ganin wani. Wasu su fassara zuwa Turanci, wasu su saita lokacin da kowane layi zai fito ya ɓace, ni kuma in gyara Turancin in rage masa tsawo. In aka yi wata al'ada da baƙo ba zai gane ba, sai mu ɗora ɗan bayani a saman allo. A irin wannan bayani na san cewa in mutuminku ya ce "kin ci abinci?" lafiyarki yake tambaya. Ranar sai da na tsayar da wasan na yi kuka, don tambayar da Baba ya fi yi mini ke nan a waya, ni kuma ina jin haushi, ina cewa mutumin nan ba shi da zance sai na shinkafa.

Yanzu mun ɗauko wani tsohon wasa mai kashi arba'in, na matan wani tsibiri a kudu, kuma bakin mutanen kudu ya kayar da masu fassararmu duka. Sau ɗaya Baba ya taɓa cewa akwai malamar Turanci a gidansu, wadda da za ta ji nasa Turancin da ta bi shi da rula. In ke ce, muna neman taimako.

Amma ba zan yi miki ƙarya ba, wasan hanya ce kawai na samu. Mahaifiyata Marlene ta rasu kwana huɗu da haihuwata. Ina 'yar shekara goma sha biyar na matsa wa Baba da tambayar danginsa, ya ajiye cokali ya ce, "Ba su so ki ba tun kina ciki." Bai ƙara ba har ya mutu. Ina so in san ko gaskiya ne.

Taki,
Nari

*

Yeosu, 29 ga Maris

Nari,

Kin ci abinci? Ni na ci. Lafiya lau nake, gwiwar hagu ce kawai ke tsokanata in hadari ya haɗo.

Takardarki ta iso ranar Talata. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na zauna a kan matakala har maƙwabciyata ta zaci faɗuwa na yi. Gida ɗaya muka tashi da Yaya Deok-su, don teku ta ci mahaifina ina 'yar shekara uku, mahaifiyarsa Babbar Inna ta ɗauke ni. Shi ke cire mini ƙayar kifi, shi ke goya ni in ruwa ya cika hanya. Na dafa shinkafa na ajiye masa kwano, na bar taga a buɗe, kamar yadda muke yi wa mamaci.

Ki daina ce mini Malama. Shekara talatin da huɗu yara na kirana haka, kunnena ya ƙoshi. Ni Gomo ce a wurinki, gwaggonki, kuma na san kin san kalmar tunda shekara shida kina leƙen gidajenmu ta allo. Rubutun hannunki kuwa, ai ko kaguwa aka tsoma a tawada sai ta fi ki. Wannan gadon ubanki ne, ba zan kama ki da laifi ba.

Na shiga shafin naku na kalli kashi na uku. Wane ne ya fassara tsohuwar nan mai sayar da kifi? Matar ta ɗauko zagin surukinta tun daga kan kakansa, ta bi da gashin kansa da tafiyarsa, ku kuma kun rubuta wai "ba na jin daɗin halinka". Sai da na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ki sa sunana, zan yi. Sharaɗina ɗaya ne: aiki a na'ura, zumunci a takarda. Ba na gaisawa da jinina a inda mutum goma sha uku ke leƙe.

Tambayarki na gan ta. Abu ɗaya zan faɗa miki yau. Babbar Inna ta rasu shekara goma sha takwas ke nan, kuma da tana raye duk sabuwar shekara sai ta lissafa shekarunki da yatsu. Ta ce yanzu yarinyar ta fara famfara, yanzu ta shiga makaranta. Ba ta taɓa ganin ko hotonki ba. Sauran maganar ki bar ni in tattara ta.

Ki riƙa rufe wuyanki in za ki fita.

Gomonki

*

Winnipeg, 4 ga Mayu

Gomo,

Kin ci abinci? Ya gwiwa? Ni dai ina ci, amma ba ya zama. Ciki gare ni, wata uku, a Nuwamba muke sa rai. Ban da Emmett ke ce ta farko da na faɗa wa. Shi tun ranar yake tuƙa bas ɗinsa yana gaida fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko lafiya.

Kin tayar da ƙura a ƙungiya. Masu kallo sun daina zancen jarumin, sai zancen "Gomo ta Yeosu". Wata daga Brazil ta rubuta cewa saboda bayananki ta daina soka cokali a tsaye cikin shinkafa, tunda kin ce na matattu ne. Wani kuma ya ce ya fara miƙa wa kakarsa kofi da hannu biyu, kakar ta tambaye shi me ya fasa.

Sai dai, Gomo, bayananki sun cika tsawo. A kashi na tara, wanda kika yi a kan yaro ya kau da kai in zai sha abu a gaban babba, ya sauko daga saman allo har ya rufe wa jarumin haɓa. Shugabarmu Nermin, likitar haƙori ce a Alkahira, ƙa'idarta layi biyu, daƙiƙa huɗu. Ta ce mini, "Ki gaya wa gwaggonki allo ne, ba aji ba." Ni ce mai almakashi, don haka in kin ga an rage, ni ce. Abin da na yanke ba na zubarwa, ina da littafin da nake kwafe su.

Wasan nan yana wahalar da ni. Duk dattijon da ya fito sai in ga tafiyar Baba, hannu biyu a baya, kai a gaba. Akwai wani ƙara da suke yi a maƙogwaro in sun kurɓi miya mai zafi, na yi zaton Baba ne kaɗai ke yin sa a duniya, ashe garinku guda ke yi. Nakan mayar da wurin baya sau biyar don in ji. Ina kewar garin da ban taɓa takawa ba, ban san ko ana yin haka ba.

Na karanta maganar yatsun kakata har takardar ta yi laushi. Amma in haka ne, me ya sa Baba ya faɗi abin da ya faɗa? Kuma ba ki ce komai a kan kwalin ba. Yaron nan zai tambaye ni wata rana, ba na so in ajiye masa cokali.

Nari

*

Yeosu, 24 ga Mayu

Nari,

Ki ci ko da ba ya zama, kaɗan-kaɗan, da romo mara mai. Gwiwa da sauƙi, zafi ya fara shigowa.

Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Na fita na zaga kasuwar bakin ruwa sau biyu ban sayi komai ba. Sannan tsoro ya biyo baya, ni haka nake. Wa zai zauna da ke in kin sauka? A nan mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta leƙa waje sai ta yi mako uku, kuma safe da rana da yamma miyar miyok take sha har ta gundure ta. Kin sha gani a wasa, koriyar miyar ganyen tekun nan. Wa zai dafa miki, direban bas?

Ki gaida likitar haƙori. Ki ce mata na ji, kuma in tana cire haƙori yadda take cire bayani, ina tausayin mutanen Alkahira. Ku yanke, ban hana ba. Amma akwai guda ɗaya a kashi na ashirin da uku, wurin da tsoho ya shiga bas da dogon ƙunshi. Layi bakwai na rubuta. Wannan kaɗai nake roƙo kada ki taɓa.

Jiya na hau tudun da ke bayan tsohon gidanmu. An rushe gidan, wurin ajiye motoci ne yanzu, amma bishiyar da Yaya ya faɗo daga kanta tana nan. Ranar da zai tafi Kanada aikin walda, ya ce mana shekara uku kacal. Babbar Inna ta cusa masa dafaffen ƙwai goma a aljihun kwat, yana cewa Inna za su fashe, tana cewa su fashe a jikinka ya fi su fashe a nan. Ban ƙara ganin fuskarsa ba. Ki aiko mini hotonsa na tsufa, ina so in ga ko ya yi sanƙo.

Maganar da kike jira tana zuwa. Ki ƙara mini haƙuri.

Gomonki

*

Winnipeg, 15 ga Yuni

Gomo,

Kin ci abinci? Amai ya tsaya, yanzu ci nake kamar an aiko ni. Ga hoton Baba na saka, sanƙo har ƙeya.

Kashi na ashirin da uku ya fita, kuma gara ki ji daga bakina: na taɓa bayanin. Wurin yana da kyau ƙwarai. Tsoho ya shigo da ƙunshi naɗe da farar takarda, ya fi shi tsawo, yana zungurar mutane, direba na cewa, "Baba, lanƙwasa shi mana, ko ka biya masa kujera." Shi kuma ya rungume abinsa ya ce gara ya sauka ya taka. Ke kin rubuta cewa miyok ɗin mai jego dogo ake sayensa, ba a taya shi, ba a lanƙwasa shi, ba a karya shi, don an ce in aka karya haihuwa za ta yi wuya, kuma wanda ya aiko wa mai ciki da karyayye ya faɗi abin da ke ransa ke nan. Kika ci gaba har layi bakwai. Da na ɗora shi, fuskar tsohon ta ɓace gaba ɗaya, alhali fuskar ce wasan. Sai na mayar da shi haka: "Miyok na mai jego, ba a lanƙwasa shi."

Na san kin roƙe ni. Na gwada hanya uku ta ƙi. Kada ki yi fushi, ganye ne fa, Gomo, ba wadda ta taɓa mutuwa don an karya ganye. Layi bakwai ɗinki suna littafina.

Nermin na jiran kashi na ashirin da huɗu.

Nari

*

Winnipeg, 27 ga Yuli

Gomo,

Da fatan lafiya. Ni da cikin muna nan, ya fara shuri.

Mako shida ke nan. Ba takarda, kuma sunanki bai ƙara haskawa a shafin aiki ba. Wasan ya tsaya cak a kashi na ashirin da uku, masu kallo na tambaya ko Gomo ta Yeosu ta rasu. Na kira lambar da kika ba Nermin sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka.

In saboda bayanin ne, na ba ki haƙuri, duk da ban zaci malamar da ta yi shekara talatin da huɗu tana jan jan biro a rubutun mutane za ta kasa jure nata ba. In kuwa ba shi ba ne, to ki faɗa mini kai tsaye. Na zauna na duba takardunki biyu, na ga tunda na ce miki ina da ciki kike ja da baya. Ko haka aka yi wa uwata, aka ji ciki aka juya baya? Na fara tunanin Baba bai yi ƙarya ba, kuma yatsun nan na kakata kin ƙirƙiro su ne don ki rarrashe ni.

Na riga na saba da rashin dangi kafin in rubuto miki. Yanzu na daina sabawa, kuma ke kika jawo.

Nari

*

Yeosu, 12 ga Agusta

Nari,

Lafiyata lau, ban kwanta ba, ban mutu ba. Ina jin wayar tana ƙara, ina zaune kusa da ita. Da na karanta inda kika ce ba wadda ta taɓa mutuwa don an karya ganye, sai na ɗauka kin gane komai, kina gaya mini ne a fakaice. Takardarki ta ƙarshe ce ta nuna mini ba ki sani ba. To ga shi.

Gaskiya ne Babbar Inna ta yi fushi da auren. Ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, ta ce ɗanta ya auro wadda ba ta jin harshenmu, wadda ba za ta iya yi wa faɗa ba. Amma ranar da aka ce akwai ciki, fushin ya bi ruwa. A watan Oktoba na 1983 ta shiga jirgin ruwa, awa uku zuwa tsibirin da ya fi kowane kyan miyok, ita da ko gada ta hau sai ta yi jiri. Ta sayo mafi tsawo, ba ta taya ba. Ta ratso kasuwa da shi a ka tana ce wa mutane, "Ku kauce, na surukata ne." Ni ta ba wa in kai gidan waya, tunda ni na iya rubuta adireshin Turanci. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Mal-sun, a miƙe zai je. Kin ji ko?" Na ce na ji.

A gidan waya ma'aikacin ya auna ya girgiza kai. Ya ce, "Malama, wannan ai sai jirgin ruwa, wata biyu ko uku. Na sama ba ya ɗaukar mai tsawon haka." Haihuwarki saura mako biyar. Na ce ba wata dabara? Ya ce, "Dabara ɗaya ce, kuma kin san ta, ni dai ba da hannuna ba."

Ni a lokacin malamar Turanci ce mai dogon takalmi, ina ganin duk wannan camfin tsofaffi ne. Na ce a raina gara ya isa a karye da ya isa bayan an gama jego. Na zagaya bayan ginin, na ɗora shi a gwiwa na karya. Na koma gida na ce wa Babbar Inna ya tafi a miƙe.

Shi ne a kwalinki.

Ya isa kafin a haife ki da kwana tara. Yaya ya aiko da layi ɗaya: "Na ga yadda kuka aiko shi, na gane saƙon." Ya san uwarsa ba ta karya miyok bisa kuskure, don haka ya ɗauka da gangan ta yi, ta yi wa matarsa da abin da ke cikinta baki. Babbar Inna ba ta iya karatu ba. Ni na karanta mata, na ce ya ce ya gode. Na yi niyyar in rubuta masa gaskiya a makon, ina ta juya yadda zan fara, sai ga labarin rasuwar Marlene daga bakin wani abokin aikinsa. Daga nan bakina ya mutu. Ni da ban yarda da camfi ba, na kasa kallon gwiwata.

Wasiƙu goma na farko ba komai a cikinsu sai ruwan sama da gaisuwar Inna. A kowace sai in zo bakin maganar in juya. Tsoro nake kada ta sani, matar da ta raine ni. Shekara goma sha uku tana zama a bakin ƙofa lokacin zuwan mai kawo wasiƙu, tana cewa baƙin ciki ne ya hana shi rubutu, zai huce. Sai da muka binne ta na rubuta ta goma sha ɗaya, na faɗi komai. Da bai amsa ba, na ce ya karanta ya ƙi yafewa, kuma hakkinsa ne. Da haka na rayu shekara goma sha takwas. Sai ga takardarki ta farko tana cewa ba wadda aka buɗe. Abin da ya zaunar da ni a matakala ke nan. Ya mutu yana zaton uwarsa ta tsine wa gidansa.

Layi bakwai ɗin nan ba don masu kallo na rubuta ba. Na so ki karanta ki duba kwalin ki gane da kanki, don in huta da faɗa. Har a wannan ma ragwanci na yi.

An so ki, Nari, tun kina ciki. Ni ce na shiga tsakani. In ba ki ƙara rubuto mini ba, ba zan ga laifinki ba. Kashi na ashirin da huɗu zuwa talatin na gama su, suna wurin likitar haƙori.

Pyo Mal-sun

*

Winnipeg, 14 ga Satumba

Gomo,

Kin ci abinci? Ni ina ci. Ƙafafuna sun kumbura, likita ta ce ba komai.

Na yi mako uku ba na son jin sunanki. Ba don ganyen ba. Na nemi takardun asibitin uwata tun ina shekara ashirin, na san jini ne ya ɓalle mata, kuma da miyok ɗin ya zo a miƙe har da rakiyar sojoji, da hakan za ta faru. Abin da ya ƙona ni tsohuwar nan ce a bakin ƙofa, shekara goma sha uku, da Baba da ya ajiye kwalin a ƙarƙashin matakala ya kasa dafawa ya kasa zubarwa. Shi ma ina jin haushinsa. Ambulan ne fa, yatsa ɗaya ke buɗe shi. Taurin kan gidanku ya ci mini kaka. Ni kuma na gyara layin nan sau uku, kwalin yana ƙasan ɗakin da nake zaune, ban haɗa ba, don a kwano kawai na san miyok.

Na buɗe ta goma sha ɗaya. Ban ba kowa ya fassara mini ba, na zauna da ƙamus kwana huɗu. Ranar Lahadi Emmett ya kai ni maƙabarta, na karanta wa Baba ita da ƙarfi, da Koriyancina da ko kare ba zai amsa ba. Wannan ne karo na farko da na yi masa magana da harshensa. Da na zo wurin "ku kauce, na surukata ne", don a can ma kin rubuta shi, sai na juya na sake karanta wa Mama, tunda kabarinta na gefe.

Na mayar da bayaninki, layi bakwai cif. Na faɗa wa Nermin dalili a taƙaice, sai ta ce, "A rufe fuskar tsohon, mai son gani ya tsayar ya koma baya." Mutum ɗari biyu da wani abu sun yi magana a ƙasa. Wata 'yar Koriya da aka haifa a Sydney ta ce yanzu ta gane abin da ya sa uwarta ta yi faɗa da ma'aikatan filin jirgi lokacin haihuwar ɗanta.

Ban ce na yafe ba, don ban san ko ni ce mai yafewa ba, masu abin duk sun tafi. Abin da na sani, shekara goma sha shida ina yawo da "ba su so ki ba", yanzu kuma ina da tsohuwar da ta shiga jirgin ruwa tana jiri saboda ni. Ke kika hana ni ita, ke kuma kika ba ni.

Kin tambaya wa zai dafa mini miya. Ba kowa. Emmett ya gwada daga wani shafi, abin da ya fito ko shi bai iya sha ba. Akwai ɗaki a sama, tagarsa na kallon gabas. Kuma kada ki ƙara sa mini hannu da cikakken suna kamar takardar kora daga makaranta.

Nari

*

Yeosu, 6 ga Oktoba

Nari,

Na ci. Ki ɗora ƙafafun a kan matashi in kin zauna.

Na je tsibirin ranar Alhamis, na yi amai sau biyu a hanya. Mai sayar da miyok ta ce, "Na mai jego ne?" Na ce na 'yar Yayana ne. Ta shiga ciki ta fito da wanda ta ɓoye, ta faɗi kuɗi na miƙa, ban buɗe baki ba. Tsawonsa ya kai haɓata. A bas na dawowa wani matashin direba ya fara cewa, "Kaka, da kin ɗan..." Kallo ɗaya na yi masa ya haɗiye sauran.

Kafinta ya yi masa akwatin katako. Masu jirgin sama sun ce za a sa shi inda ake sa sandunan kamun kifi, na ce su rubuta mini a takarda, sun rubuta. Zan sauka ranar biyu ga Nuwamba da rana. Ki ce wa mijinki ya zo da bas ɗinsa, ƙaramar mota ba za ta ɗauke mu ba. Na kwalin kuma ki ajiye, ni zan kai wa Yaya da hannuna, ina da magana da shi.

Kashi na arba'in na bar shi, tare za mu yi. Ni in rubuta, ke ki yanke a gabana in kin isa.

Ban taɓa shiga jirgin sama ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Kada ki haihu sai na iso.

Gomonki